Tarkon da Na Ɗana wa Masu Na'urar Kunne

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bari ba. Wata Talata ce, saura kwana tara a ɗauki azumi, na tashi takanas daga Yako na tafi Kano don in tona asirin macuta. Wai ni mai wayo.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne. Injin niƙa gare ni a bakin kasuwa, shekara ashirin da 'yan kai ina tsaye a kansa, masara da dawa da gero duk ta hannuna suke wucewa. Kowa a garin nan Mai Inji yake kirana, kuma kowa ya san halina: ba a yi min wayo. In zan sayi taki sai na sa an kwance buhun na zura hannu har ƙasa. In zan sayi man inji sai na shinshina, na ɗiga a yatsa na murza. Ko goro aka ba ni a wurin suna sai na juya shi na duba (maiɗakina Rabi takan ce da ana fasa ƙwai a mayar, da sai na leƙa ciki kafin in biya). Ni kuwa a lokacin yabo na ɗauki wannan magana.

Mahaifinmu, Baba, ya haura saba'in, kuma kunnensa ya yi nauyi. Da farko sai ka maimaita masa magana sau biyu, daga baya sai ka matso ka ɗaga murya. Mutumin da majalisar ƙofar gidanmu ba ta cika sai da shi, sai ga shi ya koma zaure shi kaɗai da carbi. Abokansa su yi masa sallama a hanya ya wuce bai amsa ba, har wasu suka fara cewa tsufa ya sa masa girman kai. Abin da ya fi damunsa kuwa tafsiri ne. Tun muna yara Baba bai taɓa fashin tafsirin azumi ba, amma a azumin da ya gabata ya je kwana uku ya daina. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "In je in yi me? In zauna ina kallon bakin Malam yana motsi?" Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Bayan girbi babban wanmu, Yaya Sale, ya tara mu. Aka sayar da bijimi ɗaya, aka ce a saya wa Baba na'urar nan da ake maƙalawa a kunne mutum ya riƙa ji. Da aka zo kan wanda zai riƙe kuɗin ya nemo inda za a saya, ko gardama ba a yi ba. Yaya Sale ya miƙo min ya ce, "Kai ne ba a cuta. Amma ga sharaɗi, kafin azumi nake so Baba ya ji." Na bugi ƙirji na ce ai ko sati biyu ba za a yi ba.

Autarmu Hajara ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti wajen Tudun Wada. Tun a wurin ta ce, "Yaya, abin nan fa ba rediyo ba ne da za ka saya ka kunna. Sai an gwada kunnen mutum, a saita na'urar daidai da nauyin jinsa. Akwai wani wuri a Kano da muke tura mutane, mu kai Baba can kawai."

Da ta ce "muke tura" sai na ɗago kai na dube ta. Muke tura? Wato akwai alaƙa ke nan. Na ce a raina, yarinyar nan kamasho take karɓa. Bayan an tashi kuma na hango su ita da Yaya Sale a tsakar gida, bai fi taku biyar tsakaninmu ba, bakinsu na motsi suna ɗan kallona, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ni ba. Ƙus-ƙus a gaban idona! Shi ke nan, na gama yanke hukunci. (Ƙanwata fa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ni na riƙa goya ta a keke zuwa firamare. Allah Ya yafe min.)

Sai na shiga bincike. Na tambayi direbobin bas. Na je har Bebeji wurin wani tsohon soja da ke sa irin na'urar, ya ce shi bai san inda aka sayo ba, ɗansa ne ya kawo masa, na ce a raina ƙin faɗa dai ya yi. Na sa aka nuna min masu talla a waya, kowanne ya rantse tasa daga Turai take. Duk wanda na ji ta bakinsa sai in ga kamar akwai abin da ya rage bai faɗa ba. Wata guda ya wuce, na biyu ya bi shi. Kuɗin suna cikin wani aljihu da na sa Rabi ta ɗinka min ta cikin wando, ko gona da su nake zuwa. Baba kuwa duk safiya in na je gaishe shi sai ya tambaye ni da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Ya maganar kunnen nan?" In ce, "Ana kai, Baba, tantancewa nake." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Wata rana ina tsaye a kan inji dabara ta faɗo min, har na yi wa kaina murmushi. Na ce ni dai kunnena lafiya lau. To, zan riƙa zuwa wurin masu sayarwa in ce ni ne ba na ji sosai. Duk wanda ya dubi lafiyayyen kunne ya ce yana bukatar na'ura, macuci ne, na soke shi. Wanda ya ce min, "Malam, tashi ka tafi, lafiyarka ƙalau," shi ne mai tsoron Allah, wurinsa zan kai Baba. Ban gaya wa kowa ba, ko Rabi, don kada zancen ya kai ga Hajara ta tsegunta wa mutanenta.

Na fara da wani mai mota da ke zuwa kasuwar Tudun Wada da lasifika a kan rufi, yana sayar da komai tun daga maganin basir har tabarau. Na matsa na langaɓe kai na ce, "Kunne ne ya dame ni."

Ko kallona bai yi sosai ba. "Ka zo gida, Alhaji! Ga ta nan, ko kurman haihuwa ne ya sa wannan sai ya ji tafiyar tururuwa."

Ya tura min wani abu a kunne ya murza. Kai jama'a! Kasuwar gaba ɗaya ta faɗo cikin kaina, ga wani fito mai tsinin tsiya yana huda min ƙwaƙwalwa. Na fizge na miƙa masa kayansa. (Gaskiya a cikin hayaniyar na jiyo muryar wata mai awara daga can nesa, tar da ita, na ɗan yi mamaki. Amma na ce ai aikin na'ura ke nan.) Na soke mai mota.

Na biyu wani mai kemis ne a garin Ƙofa. Shi kam ya yi ƙoƙari, ya haska min kunne da fitilar waya, ya ce sanyi ne da datti, ya ɗauko maganin ɗigawa, sannan ya jawo wata na'ura a kwali wanda babu rubutun da zan iya karantawa a jikinsa. Na ce in ta lalace fa? Ya ce, "Ai ba ta lalacewa." Na soke shi shi ma, na hau mashin na dawo gida ina jin kaina kamar alƙali.

Saura kwana goma azumi Yaya Sale ya same ni a wurin inji, ya sa na kashe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Wata huɗu! Wata huɗu kana yawo da kuɗin tsoho a wando. Kunne za ka saya masa ko mata za ka aura masa?" Na ce ya yi haƙuri, saura wuri ɗaya, gobe zan kammala. Ban gaya masa wane wuri ba ne. Wurin Hajara nake nufi, don na ƙudurta sai na kama su dumu-dumu na kawo shaida gida.

Washegari na yi sammako, mashin ya kai ni bakin titi, na shiga bas sai Kano. Wurin ba wani babba ba ne: zauren jira mai benci huɗu, mutane kamar ashirin, yawanci tsofaffi da 'yan rakiyarsu, sai ɗakuna biyu ko uku a ciki. Na yanki kati na ce ba na ji sosai. Da layi ya zo kaina aka shigar da ni wurin wata likita mai tabarau, mace mai natsuwa, wadda in tana magana sai ta fuskance ka sosai. Ta leƙa kunnuwana da wata 'yar fitila, sannan ta ce, "Malam, mece ce sana'arka?"

"Injin niƙa."

"Shekara nawa kana yi?"

"Ashirin da biyu."

Ta rubuta. Na ce a raina, ka gani ko, auna aljihuna take.

Ta shigar da ni wani ɗan ɗaki mai kama da akwati, ta kifa min wani abu a kunnuwa irin na masu karanta labarai a gidan rediyo, ta ba ni madanni a hannu. Ta ce duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna. A nan kam ban yi ha'inci ba, don tarkon nawa ba zai yi aiki ba sai na amsa gaskiya. Ina jin "tiii" in danna, ina jin "tuuu" in danna, har da ɗan yanga. Wani lokaci kuma sai a yi shiru mai tsawo, ina hango ta ta gilashi tana taɓa injinta tana kallona. Na ce wato ta kashe ne don ta ga ko zan danna a banza. Na murmusa na naɗe hannu.

Da muka fito ta ajiye min takarda mai layi biyu, ja da shuɗi, duka sun gangara ƙasa. Ta ce, "Malam, jinka ya ragu a kunnuwa biyun, na hagu ya fi taɓuwa. Muna yawan ganin irin wannan a masu aiki da inji. Dole ka fara toshe kunne in kana niƙa, kuma na'ura za ta taimaka maka ƙwarai."

Allahu Akbar! Daɗin da na ji a lokacin nan ba ya faɗuwa. Tarko ya kama. Na damƙe takardar, na miƙe, na fito zauren jira, na tsaya a tsakiya na gyara hula.

"Jama'a, ku saurare ni! Ku riƙe kuɗinku! Ni nan da kuke gani lafiyata ƙalau, kunnena garau, gwada su na zo yi. Ga shi sun rubuta min wai ba na ji, don su sayar min da na'ura. Haka suke yi wa iyayenmu! Har ƙanwata sun saye da kamasho tana turo musu mutane daga ƙauye!"

(Eh, na faɗa. Da bakin nan nawa. Kuma ku tuna muryar mai inji ce, wadda ta saba ƙetare ƙarar niƙa.)

Wuri ya rikice, wasu tsofaffi suna tambayar 'yan rakiyarsu me na ce. Likitar ta fito, ba ta ko ɗaure fuska ba. Ta tsaya a gabana ta ce, "Malam, na ji ƙorafinka. Tunda ba ka yarda da injinmu ba, ka yarda in yi maka gwaji ɗaya a gaban mutanen nan, ba inji ba waya? In ka ci, ni da kaina zan ba ka haƙuri."

Na ce, "Ko goma ne."

"To juya ka fuskanci bango. Zan tsaya a bayanka taku huɗu in yi magana yadda ake hira a gida. Abin da ka ji na ce, ka aikata."

Na juya, na harɗe hannuwa a ƙirji, na ƙura wa wata kalanda ido. Na jira. Shiru. Na ƙara jira, ina ta shirya irin kallon da zan yi mata in ta gama jan lokaci. Da na gaji na ce, "To ki fara mana, Likita, ina da nisa."

Sai dariya ta ɓarke a bayana. Ita kam na ji ta.

Na waiwaya. Hannuwa ne a sama, benci huɗu, kusan kowa. Wata tsohuwa mai na'ura a kunne ta ɗaga har biyu. Mai yankar kati ya ɗaga, mai shara ya ɗaga da tsintsiyarsa. Ni kaɗai ne a zauren nan ban san dalilin ɗaga hannun ba. Likitar ta matso ta dube ni ta ce, "Sau uku na ce, duk wanda yake jin maganata ya ɗaga hannu."

Ban gama haɗiye wannan ba idona ya kai ƙofar ɗaki na biyu. Mutum uku ne a tsaye. Yaya Sale, hannunsa a sama, fuskar nan a murtuke. Hajara, hannunta a sama, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, hawaye na zuba. A tsakiyarsu kuma Baba, da wata 'yar na'ura a bayan kunne, ya ɗaga hannu ya fi na kowa tsawo.

Ashe sun gaji da ni, sun ɗauko shi da safen nan a motar da ta biyo bayan tawa, aka shige da shi ɗaki na biyu ina can wurin likita, Hajara ta biya kuɗin gwaji daga aljihunta. Ana cikin saita masa na'urar gwaji ke nan na fara wa'azina. Daga baya Yaya Sale ya gaya min, ana kunna ta Baba ya zabura ya ce, "Kai, wannan ba muryar ɗana ba ce?" Shekara uku tsohon nan yana jiran ya ji duniya, abin da ya fara shiga kunnensa shi ne ɗansa yana zubar da mutuncin gida a birnin Kano.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na nemi gefen benci na zauna, hular ma na cire ta ban san na cire ba.

Hajara ce ta fara zuwa. Ta zagayo ta damana, ta durƙusa, ta ɗaga murya kaɗan. "Yaya, shekara biyu muna neman yadda za mu gaya maka. Duk wanda ya fara sai ka ce raina ka aka yi. Ranar da aka ba ka kuɗin nan ma abin da nake gaya wa Yaya Sale ke nan, a haɗa da kai a gwada. A gabanka na faɗa, ba raɗa na yi ba."

Yaya Sale ya ce, "Ka tambayi Rabi ta wane gefe take tsayawa in tana so ka ji ta."

Nan fa abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Masu kawo niƙa da nake cewa suna magana ƙasa-ƙasa don su rage min kuɗi. Maƙwabcin da na daina gaisawa da shi wata shida don na ga yana motsa baki in na wuce. Limamin da na ce ya tsufa ba ya ɗaga murya. A gidanmu kaf mutum ɗaya ne nake jin maganarsa tar, kuma shi kaɗai ne ban taɓa zargi ba: Baba, don shi ihu yake yi.

Likitar nan, Allah Ya saka mata, ba ta ƙara min ko kalma ɗaya mai zafi ba. Cewa ta yi, "Binciken da ka yi ba laifi ba ne, Malam, akwai masu sayar da abin da ke ƙarasa kunne. Gara ma da ka zo, da sauran abin da za a ceto." Na ba ta haƙuri, na ba jama'ar benci haƙuri. Sannan aka zo biyan kuɗin na'urar Baba, sai da na nemi a nuna min banɗaki, don kun san inda kuɗin suke. Mai yankar kati ya juya baya yana ta tari, ni kuwa na san ba tari ba ne.

A bas muna dawowa na zauna kusa da Baba. Tunda yanzu yana jin muryar kansa, sai ya koma magana a hankali irin tasa ta da. Na ga bakinsa na motsi, yana kallona. Na rasa yadda zan yi. A ƙarshe na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ɗan ɗaga murya."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jawo kunnena na dama. "Cewa na yi, wata huɗun nan ban riƙe ka ba, na san gudun kada a cuce ni kake. Amma shirun akwai tsawo, ɗana, kai ma ka kusa sani. Kuma ƙanwarka, kada rana ta faɗi ba ka roƙe ta gafara ba."

Ban jira rana ta faɗi ba. A cikin motar na juya, a gaban fasinjoji, na ce, "Hajara, na zalunce ki, ki yafe min." Ta share ido ta ce, "Na yafe, Yaya. Amma kamashona shi ne ranar da za a sa maka taka ni zan raka ka." Kuma ita ta raka ni, bayan sallah.

Baba ya yi tafsirinsa tun daga ranar farko har rufewa, a sahun gaba, yana dawowa yana ba mu labari ko ba mu tambaya ba. Ni kuma yanzu in zan tayar da inji sai na cire na'urata na toshe kunnuwa, masu kawo niƙa suna yi min dariya ina yi musu.

Abin da na koya? Na gwada mai mota, na gwada mai kemis, na gwada likita, na gwada 'yar'uwata, abu ɗaya ne ban taɓa tunanin gwadawa ba, shi ne kunnen da nake gwada su da shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe ina zargin mutane, hali ne ba ya fita da sauƙi. Sai dai yanzu nakan bari in ji abin da suka ce tukuna.